GIYABOS ƊIN MOTAR BABA

Shafi na 27

Masu turo mini saƙo cewa in bar Auta ya sarara haka nan, ku yi haƙuri. Yau ma dai bai samu sararin ba.

*

Tun daga bakin gareji Auta ya jiyo warin man da ya ƙone.

Motar Baba na ɗage a kan jak, doguwa, baƙa, irin motocin manyan da da ake buɗe wa ƙofa tun kafin su yi hon. Giyabos ɗinta kuwa, wato akwatin giya, yana ƙasa a kan wani tsohon kwali, an farke cikinsa.

"Ranka ya daɗe, matso ka gani da idonka," in ji Bakanike.

Ya tsoma yatsa cikin kwanon man ya ɗago. Man baƙi ƙirin, burbushin ƙarfe na ƙyalli a ciki.

"Man giya mai lafiya ja ne. Wannan kuwa ka ga yadda ya koma."

"Ba zai gyaru ba?"

"Farantan kuloci sun cinye, haƙora sun zube. In na ce maka zan gyara, na cuce ka. Sai dai a sa wani."

"To a sa mana."

Bakanike ya goge hannu da tsumma yana murmushin da ba na daɗi ba.

"A samo a ina? Babu shagon da ban shiga ba a kasuwar kayan mota. Duk wanda na faɗa wa samfurin sai ya yi dariya, ya ce wannan ai sa'ar kakarsa ce. In kuma oda za a yi daga waje, sai an kwashe watanni."

Watanni.

Auta ya kauda kai. Baba ba shi da watannin da zai jira.

Tun da mantuwa ta kama shi, Baba ya manta sunan titinsu, ya manta ranakun mako, wani lokacin har hanyar ɗakinsa. Abu ɗaya ne bai manta ba: motarsa. Wankin ƙoda ake yi masa a asibiti, kuma ba ya yarda ya fita sai a cikinta. Da ta mutu, sun gwada sa shi a motar Auta. Ya riƙe ƙofa da hannu biyu yana kuka, yana kiran maƙwabta su cece shi, wai ɓarayi za su tafi da shi.

Wayar Auta ta yi ƙara. Yaya ce, babbar yayarsa da ke jinyar Baba.

"Auta, ƙafafun sun ƙara kumbura. Likita ya sake kira, ya ce kada a wuce yau."

"Ina gareji, Yaya."

"Na san kana gareji. Motar nake tambaya."

Ta kashe wayar.

Bakanike ya yi gyaran murya.

"Akwai dai guda ɗaya da na sani."

"A ina?"

"Wani gida ne bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, mai koren ƙyaure. Na taɓa zuwa gyaran janareto a maƙwabtansu, na hango ta ta katanga. Sak wannan, har launi. An lulluɓe rabinta da tamfol, da gani ta daɗe a ajiye. In mai ita zai yarda, yau-yau in ciro in ɗaura."

Auta ya ɗago da sauri.

"Ka san gidan ne, ranka ya daɗe?"

Ya san gidan.

Gidan Baffa ne, aminin Baba tun suna samari. Tare suka sayi motocin nan biyu a rana ɗaya, lokacin da kasuwa ke yi da su. Kuma 'yar Baffa, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwar da take yi, ita ce matar Auta har zuwa bara.

Har zuwa ranar da Baffa ya ce masa, a hankali, a gaban baƙi, bai kamata a riƙa kulle Baba a ɗaki shi kaɗai ba.

Auta bai manta abin da ya fito daga bakinsa ba. Kullum sai ya sake jin sa.

"Mutumin da ya kasa gyara motarsa har kaji suka mai da ta akurki, shi ne zai koya mini riƙon ubana? Kullum kana gidan nan, ka ci ka sha, yanzu kuma har da iko?"

Ya kira maigadi ya ce kada a ƙara buɗe masa ƙofa. Da Malama ta tsaya a gabansa, ya ce ta bi ubanta. Ta bi shi kuwa. Auren ya mutu a makon.

"Ranka ya daɗe?"

"Ɗauko kayan aikinka," in ji Auta.

*

A hanya ya shirya magana kala-kala. Yana tsayawa a gaban koren ƙyauren duk suka gudu.

Ya daɗe da hannu a sama bai ƙwanƙwasa ba. Bakanike ne ya gaji, ya miƙa hannu ta gefensa ya buga.

Ita ce ta buɗe.

Jan biro na hannunta, da alama takardun ɗalibai take dubawa. Ta rame kaɗan. Ta dube shi, ta dubi akwatin sifanar da ke hannun Bakanike, ta sake dubansa.

"Lafiya?"

"Ina wuni."

"Lafiya na ce."

"Wurin Baffa na zo."

"Yanzu kuma ya koma Baffa?"

Sai murya ta fito daga baranda.

"Wa ke nan, 'yar nan?"

"Ba kowa ba ne, Abba."

"Ba kowa ba ya yin sallama. Bari ya shigo."

Baffa na zaune a kan kujerar roba, ya kwance bayan wata tsohuwar rediyo yana hura ƙurar ciki. Gajeren mutum ne, furfurarsa ta ƙaru. Yana ganin Auta fuskarsa ta saki.

"Auta. Kai ne a rana haka? Zo inuwa. 'Yar nan, kawo musu ruwa."

Da zaginsa ya yi, da ya fi wa Auta sauƙi.

Auta ya durƙusa a gefen kujerar, idonsa a ƙasa.

"Tashi ka zauna, wandonka zai ɓaci. Yaya Dogo?"

Haka yake kiran Baba tun suna yara. Baba kuma ya ce masa Gajere.

"Da sauƙi."

"Kalle ni ka faɗa."

Auta ya kasa. A guntu-guntu ya ba shi labari: ƙodar, kumburin, kukan da Baba ke yi in an nufi wata mota da shi. Da ya zo kan abin da ya kawo shi, bakinsa ya yi nauyi. Bakanike ya ƙarasa masa.

"Baffa, giyabos ɗin motarku muke roƙo. Shi kaɗai ya rage a garin nan."

Baffa ya ajiye rediyon a hankali. Ya dubi inda motar take a ƙarshen tsakar gida, ƙarƙashin tamfol ɗin da rana ta cinye.

"Wannan ba za ta yi muku amfani ba."

"Ko ya daɗe a ajiye ba komai, Baffa, zan wanke shi in sa sabon mai."

"Ba za ta yi ba, ɗana. Mu nemi wata dabara."

Auta ya dube shi. Ya ɗauka ƙi ne. Ya matso da gwiwoyinsa.

"Baffa, ni na yi maka laifi, ba Baba ba. Duk abin da za ka yi, ka yi mini ni. Kada ka hukunta shi saboda ni."

Ƙarar faranti ya ji an dire a kan tebur. Malama ce ta dawo da ruwan.

"Ya hukunta shi?"

"'Yar nan," in ji Baffa.

"Abbana ne zai hukunta Baba? Har yanzu kallon da kake yi masa ke nan?"

"Na ce ki bari."

"A'a, Abba. Yau kam ba zan bari ba." Ta juya ga Bakanike. "Malam, je ka duba. Ka shiga ƙarƙashinta ka duba da kyau."

Bakanike ya dubi tsohon. Baffa ya sunkuyar da kai.

Aka yaye tamfol. Tayoyin duk sun zauna. Wata kaza ta fito daga ƙarƙashi tana ƙorafi, Auta ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a fuska.

Bakanike ya kafa jak, ya ɗaga gaban, ya shimfiɗa kwali ya zura jikinsa da tocila a baki.

Ya ɗan jima yana haskawa.

Ya fito, ya zauna a ƙasa yana kakkaɓe gwiwar hannu.

"Ranka ya daɗe, babu."

"Babu me?"

"Babu giyabos. Wurin wayam yake. Kuma ba sata ba ce, wanda ya cire ya san aikinsa. Har notukan ya ɗaure a leda ya rataye. Da ganin tsatsar, an fi shekara goma da cirewa."

Auta ya juyo ya dubi Baffa. Baffa na kallon rediyonsa.

"Ka sayar ne, Baffa?"

Malama ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci.

"Ka tuna ranar da ka dawo daga karatu?"

"Me ya kawo wannan?"

"Ka tuna ko ba ka tuna ba?"

"Na tuna."

"Wa ya je ɗauko ka a filin jirgi?"

"Baba."

"A wace mota?"

Ya dubi ƙasa, ta ci gaba.

"A wancan makon giyar motar Baba ta mutu. Lokacin kasuwarsa ta riga ta karye, shagunan duk sun tafi, kai kana can ba a gaya maka ba don kada karatunka ya lalace. Ya zo nan, ya zauna a kan wannan barandar. Ina ɗaki ina jin su. Ya ce, Gajere, yaron nan ya tafi ya bar ni da mota, ba na son ya dawo ya same ni a ƙasa."

"Ya isa haka," in ji Baffa.

"Washegari Abba ya kira bakanikensu. Aka ciro na wannan, aka ɗaura a waccan. Giyabos ɗin da ya ɗauko ka daga filin jirgi na ubana ne. Wanda ya kai ka neman aiki, na ubana ne. Wanda ya ɗauko ni ya kai ni gidanka, shi ne dai. Shi ne yanzu yake kwance a garejinku."

Auta ya nemi inda zai dafa. Hannunsa ya sauka a kan bonet mai zafi, bai ma ji zafin ba.

"Abba kuma a bas ya je tarbarka," Malama ta ci gaba. "Ya iso a makare, gumi ya jiƙa masa riga. Ka tuna abin da ka ce masa?"

Ya tuna. Ya rungume shi yana dariya, ya ce, Baffa, ina motar, ko ta yi ritaya kafin kai? Kowa ya yi dariya. Baffa ya fi kowa.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Abba ne ya sa na yi masa alkawari. Ko ranar da ka tsaya a falo kana maganar akurki, na dube shi, ya girgiza mini kai. Na haɗiye. Na haɗiye har aurena ya mutu."

Bakanike ya tashi sumui-sumui ya koma can gefe, yana ta jera sifanu da ba su buƙatar jeri.

"Baffa," in ji Auta. "Baffa, ni..."

"Ba don kai na yi ba, balle ka ɗora wa kanka." Tsohon ya ɗago. Babu fushi a idonsa, gajiya ce kawai. "Ubanka ya taɓa ɗauka ta a bayansa daga bakin kogi har gida, da na karye muna yara. Ban taɓa jin ya ba wani labari ba. Ƙarfe ne fa, Auta. Ƙarfe kawai na ba shi."

"Amma abin da na faɗa maka..."

"Ka faɗa. Ya yi ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba shi ya fi ciwo ba. Hana ni ganinsa da ka yi, shi ne."

Auta ya rufe fuska da tafin hannu. Mutum ne da ma'aikata ke miƙewa in ya shigo ofis. Ga shi tsaye a tsakar gidan mutane, kaza na tsattsagar ƙasa kusa da takalminsa, ya rasa inda zai sa idonsa.

Baffa ya dafa gwiwa ya tashi.

"Kai, mai gyara. Zo."

Ya buɗe wani ɗan ɗakin ajiya a bayan gida. A lungu, ƙarƙashin buhuna, wani ƙaton ƙarfe ne a naɗe da leda.

"Wannan shi ne na Dogo na asali, wanda aka cire a lokacin. Na ce a kawo mini in ajiye. Na yi ta cewa wata rana zan gyara in ɗaura a tawa, Allah bai nufa ba."

Bakanike ya tsugunna ya yage ledar. Ya juya sandar da hannu, ya kara kunne. Ya kwance kwanon ƙasa ya haska tocila. Fuskarsa ta canza.

"Me suka ce ya same shi a lokacin?"

"Wai famfon mai."

"To ai haƙoran wannan lafiya lau suke, farantan ma da sauransu. Wancan na gareji kuma famfonsa garau." Ya ɗago. "In Allah ya yarda, a cikin biyun nan zan fitar da ɗaya."

"Yau?" in ji Auta.

"A'a, ranka ya daɗe. Aikin haƙuri ne, sai an warware su ɗaiɗai. Ka ba ni 'yan kwanaki."

"Likita ya ce yau."



Baffa ya shiga ɗaki. Da ya fito, ya canza riga, hularsa a hannu.

"Mu je."

"Ina, Abba?"

"Wurin Dogo. In ya ƙi shiga mota don bai san ta ba, ai ni ya san ni." Ya dubi Auta. "In an yarda in shiga."

Auta ya so ƙasa ta tsage.

Malama ta ɗauko makullin 'yar ƙaramar motarta.

"Ni zan kai shi," ta ce, ba tare da ta dubi Auta ba. "Kuma kada ka ɗauka don kai zan je."

*

Aka bar Bakanike yana neman motar da za ta ɗauki ƙarfen. Auta na gaba, Malama da mahaifinta na biye.

A ƙofar gida maigadi ya buɗe wa Auta, sannan ya hango fuskar da ke motar baya. Ya tura ƙyauren rabi ya tsaya, ya matso wurin taga.

"Ranka ya daɗe, tsohon nan ne fa. Wanda ka ce ko ya kwana yana bugawa..."

Gilashin motar Malama a sauke yake. Sun ji.

"Buɗe," in ji Auta.

"Da ma ka ce..."

"Don Allah buɗe."

Yaya na tsaye a baranda, idanunta sun yi ja. Tana ganin Baffa ta toshe baki da gyale. Ta dubi ƙanenta, irin kallon da ya fi magana.

Baba na falo. Ya sa babbar rigarsa a bai-bai, ƙafafunsa sun cika takalman har sun tumbatsa. Makullin motarsa na damƙe a hannunsa. Tun safe yake zaune haka, yana jiran a kawo ta.

Baffa ya tsaya a bakin ƙofa.

"Dogo."

Baba ya ɗago a hankali. Ya daɗe yana kallo. Sai leɓensa ya fara motsi.

"Gajere. Ina ka shige?"

"Ga ni."

"Na yi ta aike, ba ka zo ba."

"Ga ni na zo."

"Motata ta lalace."

"Na sani. Tana wurin gyara. Tashi mu je asibiti a ta 'yarka, ni da kai a baya, kamar da."

"Kai za ka zauna kusa da ni?"

"Wa zai zauna in ba ni ba? Ka dai matsa da dogayen ƙafafun nan naka."

Baba ya yi dariya. Rabon da a ji dariyarsa a gidan har an manta. Ya miƙa hannu, Baffa ya kama, Yaya ta tallafi ɗaya gefen. Ya miƙe tsaye.

Sai ya hangi Malama a bayan mahaifinta.

"'Yata."

Ta durƙusa. "Na'am, Baba."

"Kin dawo? An ce mini kin yi tafiya. Kullum na tambaya sai a ce kina hanya."

Auta ya sunkuyar da kai. Shi ne mai faɗin haka, kullum, tun bara.

Baba ya saki makullin ya faɗi a kan kafet, ya riƙo hannunta da hannu biyu. Ya duba fuskarta sosai.

"Kin rame. Idonki ma ya yi ja. Wannan ba ramar tafiya ba ce."

"Ba komai, Baba. Mu je, likita na jira."

"A'a."

Ya juya ya dubi Auta da ke rakuɓe a jikin bango. Kallon baƙo ya yi masa.

"Kai, direba."

Yaya ta runtse ido.

"Na'am," in ji Auta.

"Ka san ɗana? Mijin wannan. Auta muke ce masa."

"Na san shi."

"Yaron kirki ne, ni na raine shi. Amma je ka kira mini shi. Ka ce ba zan taka ko'ina ba sai ya zo ya tsaya a nan."

Auta bai motsa ba.

Baba ya koma ya zauna a kujera, bai saki hannun Malama ba. Idanunsa sun washe, kamar na mutumin da ba abin da ya taɓa samunsa.

"Kafin ya zo, gaya mini tsakaninki da Allah. Me ya yi miki?"

Baffa ya girgiza mata kai.

Wannan karon ba ta dubi mahaifinta ba. Auta ta duba.

"Baba," ta ce, "ba sai an je kiransa ba."